Dutsin-Ma da Kurfi: Shimfiɗar da Jari Yake Nema Kafin Ya Sauka

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Wanda ya taso daga birnin Katsina ya bi ta Ɓatagarawa, ya ratsa Kurfi har ya sauka Dutsin-Ma, ya yi tafiyar kimanin kilomita 60 ke nan. Idan ya san wannan hanya shekaru 20 da suka wuce, ba sai an gaya masa an samu sauyi ba. A bakin garuruwan, wuraren da gero da dawa suke tsayawa da damina sun koma jerin shaguna masu ƙofofin ƙarfe, da gidajen mai, da ɗakunan hayar ɗalibai, da rumfunan masu POS da masu gyaran waya. Wasu gine-ginen sun cika da kaya da masu saye. Wasu kuwa an kai su linta an tsaya, har ciyawa ta fito a cikinsu.

A majalisun 'yan kasuwa da tarukan ƙungiyoyin ci gaban gari da jawaban 'yan siyasa, magana ɗaya ce take maimaituwa: ta yaya za a jawo masu hali su zo su zuba jari, a samu kasuwa ta zamani da manyan kantuna, matasa su samu abin yi? Buri ne mai kyau, kuma addini bai hana shi ba. Annabinmu (SAW) ya yi fatauci zuwa Sham tun kafin a aiko shi, Abdurrahman ɗan Aufu kuwa da ya isa Madina hannu biyu, hanyar kasuwa ya nemi a nuna masa. Sai dai akwai tambayoyi biyu da ya kamata mu riƙa haɗawa da wannan buri. Me yake sa mai jari ya sauka a gari ya zauna? Idan kuma ya sauka, ina makomar mai tebur, da mai kayan miya, da matar da take sayar da man gyaɗa tana ciyar da marayu? A fahimtarmu amsar tambayoyin nan guda ce, ita ce aminci da amana. Garin da ya kare ƙaramin ɗan kasuwarsa daga tsoro da zalunci, a nan ne babban ɗan kasuwa yake yarda ya ajiye dukiyarsa.

Abin da yake ƙasa

Dutsin-Ma ba ta rasa abin da za ta nuna wa baƙo ba. Hedikwatar ƙaramar hukuma ce tun 1976, tun kafin a cire Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna a 1987, kuma mazaunin Yandakan Katsina ce, ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki. Hanyoyi sun haɗu a cikinta: ta Katsina wadda ta biyo ta Kurfi, da ta Kankiya wadda take sada mutum da babbar hanyar Kano, da ta Ƙanƙara, da ta Safana. Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita tana nan, sannan a 2011 gwamnatin tarayya ta kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Wannan ya kawo dubban ɗalibai da ma'aikata daga sassan ƙasar nan, kuma kowannensu yana buƙatar ɗakin kwana, da abinci, da sabulu, da tela, da mai aski, da abin hawa.

Akwai kuma ruwa. Madatsar Zobe, wadda aka kammala a kan kogin Karaduwa a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, ta daɗe a kwance ba a ci moriyarta yadda aka tsara ba. A watan Yulin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya ƙaddamar da kashin farko na aikin ba da ruwan sha daga cikinta. Masunta da masu noman rani sun riga kowa sanin albarkar da take wurin. Kurfi kuwa, ƙasar Maradin Katsina, tana zaune tsakanin babban birnin jiha da garin jami'a, don haka duk abin da manominta ya noma yana da bakin kasuwa biyu.

A matakin jiha ma ba a zauna ba. An yi babban taron tattalin arziki da zuba jari a Katsina a 2016, akwai hukumar jawo masu zuba jari ta KIPA, kuma Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa, wanda ya shugabanci hukumar ƙananan masana'antu ta ƙasa SMEDAN kafin ya hau mulki a 2023, ya kafa hukumar KASEDA domin ƙananan sana'o'i. To, idan ga hanya, ga ruwa, ga masu saye, ga hukumomi, me yake sa masu manyan kuɗi suke ɗari-ɗari?

Aminci kafin ciniki

Amsar farko kowane magidanci a yankin ya san ta. A ƙarshen watan Agustan 2021, a ƙoƙarin toshe wa 'yan bindiga hanyoyin samun kuɗi da kayan masarufi, gwamnatin Aminu Bello Masari ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da Dutsin-Ma. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, Dutsin-Ma da Kurfi suna cikinsu. Waɗannan watanni sun koya mana yadda kasuwa take numfashi. Mutumin ƙauye da bai sayar da akuya ba, ba shi da kuɗin sayen atamfa ko maganin yaro. Mai POS da ba shi da sabis ya rufe rumfa. Mai kanti da ba zai iya kiran dilansa na Kano ba, dole ya hau mota ya je da kansa. A watan Oktoban 2023 kuma aka sace ɗalibai mata biyar na jami'ar daga gidan da suke haya, labarin ya zagaya ƙasa. A cikin watan ne gwamnatin jiha ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma domin ta taimaka wa jami'an tsaro.

Wannan darasi ba sabo ba ne a ƙasar Katsina. Matafiyin nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya shigo birnin a 1851, ya rubuta cewa Katsina ce cibiyar cinikin wannan yanki a ƙarni na 17 da na 18, amma yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadi suka sa fatake suka karkata zuwa Kano. Raƙuma sun bi hanyar da babu fargaba, kuma har gobe haka dukiya take yi.

Alƙur'ani ya riga ya jera mana waɗannan abubuwa a kan tsarinsu. A addu'ar da Annabi Ibrahim (AS) ya yi wa Makka, wadda ta zo a aya ta 126 ta Suratul Baƙara, aminci ya fara roƙo kafin arziki. Suratu Ƙuraish kuma ta haɗa tafiye-tafiyen fatauci na hunturu da bazara da ni'imomi biyu, ƙoshi da kwanciyar hankali. Saboda haka maganar jawo jari tana farawa ne daga hanyar da manomi zai bi ya kai kayansa kasuwa ya dawo gida lafiya. Nauyin tsaro yana wuyan hukuma, amma mu ma muna da kaso. Wanda ya sayi saniya a ƙasa da rabin kuɗinta yana sane da inda ta fito, da wanda yake kai wa ɓarayin daji mai ko abinci don ninkin riba, da mai ba su labarin wanda ya yi ciniki ranar kasuwa, duk sun ci haram, kuma su ne suke korar jarin da muke roƙon Allah Ya kawo.

Wasiƙar da aka aiko wa Katsina

Game da aikin hukuma, muna da madubi a cikin tarihinmu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Malam Ummarun Dallaje, sarkin Katsina na farko bayan jihadi, littafin da aka sani da Usulus Siyasa. A cikinsa ya nuna cewa yana daga aikin shugaba ya kula da masu sana'a, irin su manoma da maƙera da teloli da marina da mahauta da kafintoci, ya tabbatar kowane gari ya samu rabonsa daga cikinsu, ya kuma gyara kasuwanni da hanyoyi. Mahaifinsa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Kitabul Farƙ, ya lissafa karɓe-karɓen zalunci a kasuwa a cikin halayen mulkin da ya yi wa inkari. Dukansu suna bin sawun Manzon Allah (SAW) ne, wanda ya zaɓar wa Musulmi filin kasuwa a Madina, kuma aka ruwaito cewa ya hana a ƙuntata ta ko a ɗora mata haraji.

A yau tsarin mulkin 1999 ya sanya kafa kasuwanni da tashoshin mota da kula da su a cikin ayyukan ƙananan hukumomi, kuma a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kasonsu na kuɗi kai tsaye. Don haka muna da ƙofar da za mu ƙwanƙwasa. Malamai sun yi sauƙi a kan karɓar kuɗi daga 'yan kasuwa idan akwai buƙata ta gaskiya, aka yi adalci wajen rabawa, aka kuma kashe su a inda aka ce. Abin da ɗan kasuwa yake nema bai wuce wannan ba: kuɗin shiga guda ɗaya sananne mai rasit, maimakon hannaye biyar a rana ɗaya, magudanar ruwa don kada damina ta mayar da layin hatsi taɓo, rijiyar burtsatse da makewayi da wurin salla, fitila da masu gadi, da takardar fili wadda sauyin gwamnati ba zai soke ta ba. Gobarar da ta ci babbar kasuwar Katsina a watan Maris na 2021 ta isa ta tunatar da mu cewa layin da motar kashe gobara za ta bi ya fi ƙarin shaguna goma daraja. Mai jari yana duba waɗannan abubuwa kafin ya saurari jawabin maraba.

Wa zai shiga sababbin shagunan?

Tsarin da aka fi bi a ƙasar nan wajen sabunta kasuwa sananne ne. Hukuma ta ba da fili, ɗan kwangila ko mai jari ya gina, sannan ya sayar da shagunan ko ya karɓi haya na wasu shekaru har ya mayar da kuɗinsa. Tsarin a kan kansa ba shi da laifi a shari'a idan sharuɗɗansa a bayyane suke. Inda ake samun matsala shi ne wajen rabo. A garuruwa da yawa an ga yadda ake rushe tsofaffin rumfuna, a gina shaguna masu kyau, sai a wayi gari waɗanda ba su taɓa awon mudu ɗaya ba su ne suka mallake su, saboda suna da kuɗi a hannu ko suna da wani a ofis. Su kuma sai su bayar haya a kan farashin da mai tsohuwar rumfa ba zai iya ba. Ya koma bakin titi, gobe a zo a kore shi da sunan tsabtace gari.

Aya ta 7 ta Suratul Hashri, a inda take bayanin rabon dukiyar jama'a, ta faɗi hikimar rabon: kada dukiya ta zama tana kewayawa a tsakanin mawadata kaɗai. Filin kasuwa dukiyar jama'a ne. Idan za a taɓa shi a Dutsin-Ma ko a Kurfi, adalci shi ne a rubuta sunan duk mai rumfa da mai tebur kafin a cire kwano ɗaya, a liƙa jerin a inda kowa zai gani, tare da sa hannun Sarkin Kasuwa da shugabannin layuka da wakilin hakimi. Su za a fara ba wa dama, a kuma raba musu biya kashi-kashi ba tare da kuɗin ruwa ba. Sannan a ware fili mai inuwa ga mata da masu kayan gwari da mutanen ƙauye da suke zuwa ranar kasuwa kaɗai, domin waɗannan ba shago suke buƙata ba, wurin zama suke nema.

Ya kamata kuma a yi gini daidai aljihun gari. An buɗe katafaren rukunin kantuna na Ado Bayero a Kano a 2014, Shoprite na ciki, aka yi ta zuwa kallo. A watan Janairun 2024 Shoprite ya rufe reshensa na can. Kasuwar Kurmi kuwa, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, tana nan tana ci. Idan haka ta faru a birni mai miliyoyin mutane, garin da cinikinsa ya dogara da kaka da albashi da zangon karatu ya fi cancantar yin lissafi. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya ɗauki watanni 8, ya nuna wa duk mai shago a kusa da makaranta cewa ɗalibi baƙo ne. Jarin da zai daɗe shi ne wanda ya jingina da abin da ƙasar take fitarwa: injin casar hatsi da matsar man gyaɗa, rumbun ajiya mai tsaro, wurin sanyaya kifi da tumatir da lantarkin hasken rana, kasuwar dabbobi mai shinge da ruwa.

Babban kanti idan ya zo muna maraba da shi, domin yana kawo aiki da tsabta da farashi a rubuce. Abin da za a lura da shi kawai shi ne kada ƙarfin jari ya zama makamin kashe na ƙasa. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya tarar da Haɗibu ɗan Abi Balta'a yana sayar da zabibi a kasuwa, sai ya ba shi zaɓi ko ya ƙara farashi ko ya tashi. Malamai sun yi saɓani a kan fassarar wannan labari da iyakar aiki da shi, amma ya nuna cewa tun farkon Musulunci shugabanni suna sa ido kada wani ya karya kasuwa a kan sauran.

Jarin da yake cikin gida

Sau da yawa idan aka ce mai zuba jari, hankalinmu yana tafiya Legas ko Dubai ko Sin. Alhali baƙo ba ya fara sauka a inda 'yan gari suke tsoron ajiye nasu. Akwai dukiya a hannun 'ya'yan wannan yanki: ma'aikatan da suke Abuja da Kaduna, 'yan kasuwar da suke Kano da kudu, tsofaffin ma'aikatan da suka karɓi kuɗin sallama, matan da suke da tumaki da gwal da kuɗin adashi. Me ya sa mafi yawansu suka gwammace su sayi fili su kewaye su bar shi? Saboda kusan kowane gida yana da labarin wanda aka ba jari ya yi aure da shi, ko ya ce an yi asara babu littafi babu shaida, zumunci ya lalace.

Fiƙihunmu ya tanadi maganin wannan, shi ne ƙiradi, wanda bankunan Musulunci suke kira mudaraba. Ɗaya ya kawo kuɗi, ɗaya ya kawo aiki. Sharuɗɗansa a bayyane suke: a san adadin jarin, a yanka rabon riba da kaso, kamar rabi da rabi ko sulusi, ba da wani adadi tsayayye ba, idan aka yi asara ba tare da sakaci ba, mai kuɗi ya yi asarar kuɗinsa, mai aiki ya yi asarar wahalarsa, idan kuwa sakaci ne ko saɓa sharaɗi, mai aiki ya biya. Misali, wadda ta ba ƙanenta Naira 500,000 ya buɗe shagon kayan masarufi a kan rabin riba ta yi daidai. Idan ta ce ya riƙa ba ta Naira 20,000 kowane wata ko an samu ko ba a samu ba, kuma jarinta yana nan a wuyansa, to ta faɗa cikin kuɗin ruwa ko da ba ta yi nufi ba. Muwaɗɗa ta kawo labarin 'ya'yan Sayyidina Umar biyu, Abdullahi da Ubaidullahi, waɗanda suka juya kuɗin baitulmali daga Iraƙi zuwa Madina, aka ƙare da mayar da lamarin ƙiradi, baitulmali ya karɓi jarinsa da rabin riba.

Abin da yake riƙe wannan tsari shi ne rubutu. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Rubuta yarjejeniya tsakanin wa da ƙane bin umarnin Allah ne, bai kamata a ɗauke shi rashin yarda ba. A nan ɗalibanmu suke da rawar takawa. Wanda yake karanta lissafin kuɗi ko kasuwanci ko shari'a a jami'a zai iya zama da mahaifinsa ko maƙwabcinsa ya buɗe masa littafin shiga da fita, ya raba masa kuɗin shago da kuɗin cefane. Ɗan kasuwar da yake da irin wannan littafi shi ne banki yake saurara.

Ƙofofin halal kuwa sun ƙaru. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank ya biyo baya a 2019, kuma a 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk na farko na Naira biliyan 100 domin gina hanyoyi. Akwai kamfanonin takaful ga mai son kariya daga gobara. Jihar Katsina tana da hukumar zakka da waƙafi, kuma babu abin da zai hana mai hali ya gina jerin shaguna ya yi waƙafinsu, a ba matasa haya mai sauƙi, kuɗin ya tafi ga marayu ko makarantar Islamiyya, kamar yadda Sayyidina Usmanu ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi. Wanda duk waɗannan suke gabansa ba shi da uzurin cin bashin manhajojin waya masu ninka kuɗin ruwa a cikin makonni.

Gona, gado da haya

Duk inda gari yake faɗaɗa, gona ce take fara biya. Filin da yake kusa da titi ko kusa da harabar jami'a ya yi daraja, 'yan kamasho suna ta zarya. Sayar da gona halal ne, amma muna jan hankalin magidanta a kan abubuwa uku. Na farko, yawancin gonakin nan gado ne da ba a raba ba. Babban wa ba shi da ikon sayar da rabon ƙannensa mata ko na marayun ɗan'uwansa don kawai shi ne yake noma wurin, kuma aya ta 10 ta Suratun Nisa'i ta kamanta cin dukiyar maraya da cusa wuta a ciki. Na biyu, a mazhabar Malikiyya abokin tarayya a filin da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato shi ya fi cancanta ya saya a kan farashin da baƙo ya taya. Mai sayen da ya tsallake wannan ya sayi rigima. Na uku, kuɗin fili suna ƙarewa, fili kuwa ba ya dawowa. Iyali za su iya ba da hayar wurin na shekaru sanannu, ko su shiga tarayya da mai gini a rubuce, su ci moriya kuma asalin ya zauna ga jikoki.

Masu gidajen haya su ma su ji tsoron Allah game da ɗalibai. Yarinyar da iyayenta suka turo daga wata jiha amana ce a hannun gari. Ƙofa mai ƙarfi, da katanga, da ruwa, da farashin da ba ya tashi don an ga baƙo, duk suna cikin haƙƙinta. Ɗalibin da ya ji daɗin zama shi ne zai koma gida ya faɗi alherin garin, wataƙila ma gobe ya dawo da jarinsa.

Mudu da sikeli

Daga ƙarshe, sunan kasuwa yana hannun masu zama a cikinta. Sura guda aka saukar da sunan masu tauye awo, Suratul Muɗaffifina. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin hatsi ya ji danshi a ƙasa, ya tsawatar wa mai shi, ya kuma nesanta kansa daga mai algus. Ya hana tare masu kawo kaya a hanya kafin su san farashin kasuwa, ya hana taya kaya da nufin ruɗin mai saye, ya kuma hana ɓoye abinci don a jira tsada alhali mutane suna cikin buƙata. Kowanne daga cikin waɗannan yana da kamanninsa a yau: tiyar da aka bubbuge gindinta, buhun da aka sa mai kyau a sama, dillalin da yake tare manomi a bakin gari, maganin da kwanansa ya ƙare aka goge.

Asalin aikin hisba a tarihin Musulunci kula da kasuwa ne, duba mudu da sikeli da ingancin kaya. Tun da jihar tana da hukumar Hisba, haɗa hannunta da shugabannin kasuwa a samar da mudu ɗaya mai hatimi da sikelin jama'a a layin hatsi zai jawo masu saye daga nesa fiye da kowane allon talla. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya hana wanda bai san hukuncin ciniki ba zama a kasuwarsu. Limamanmu za su iya ware darasi ɗaya a mako a masallatan kasuwa a karanta babin ciniki na Risala, a kuma koya wa mai shago yadda zai ƙiyasta kayansa a ƙarshen shekara ya fitar da kashi 2.5 cikin 100 idan sun kai nisabi.

Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Shimfiɗar da jari yake nema a Dutsin-Ma da Kurfi ita ce hanya mai lafiya, da rasit ɗaya, da rabon shaguna a bainar jama'a, da yarjejeniya a rubuce, da mudu cikakke. Hukuma tana da nata a ciki, masu sarauta da malamai suna da nasu, amma kaso mai yawa yana cikin gidajenmu da shagunanmu, kuma za mu iya fara shi tun daga kasuwar wannan mako.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sanya albarka a cikin nemanmu, Ya tsare mu daga cin haƙƙin wani. Allah ne Mafi sani.